Da Zakanya Zuwa Ƙasar Faransa Ɗauko Iri

Tun daga Safana har bakin iyaka babu mahaluƙin da ya san cikin mota kamar ni, Kofur Tanko na Wagini. Wannan ba cika baki ba ne. Shekara huɗu na yi a soja ina tuƙi ina gyara. A dajin Bama, can ƙetaren teku lokacin yaƙin duniya, na taɓa kwance inji ɗungurum na mayar da shi, ana ruwan sama ana ruwan harsashi, har kusoshi uku suka yi mini saura, motar kuwa ta fi da gudu. In mota ta yi tari daga nesa, ina iya gaya muku ko mura ce ko ciwon ajali.

To, tun da muka dawo daga ƙasar Faransa ba a bar ni na sha fura cikin kwanciyar rai ba. Kasuwar Batsari tambaya, wurin suna tambaya, har a hanyar masallaci sai wani ya ja mini riga ya ce, "Kofur, wai da gaske ne abin da aka ce?" Ga kuma Bawa, ɗan gwaggona, abokin wasana, yana yawo gari gari yana ba da nasa labarin, wanda rabinsa ƙarya ne, ɗaya rabin kuma bai kamata a faɗa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tunda soja ta koya mini boko, in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Bari in fara da motar. Da aka sallame mu, sojoji suka yi gwanjon tsofaffin motocinsu. Abokaina kowa ya sayi abin hankali, wani keken ɗinki, wani shanun huɗa. Ni na sayi akori-kura, kirar Ingila, mai launin ganyen kuka. Da ƙafarta ta zo har ƙofar gidana, ta tsaya gindin tsamiya, ta yi ajiyar zuciya, ta kwanta shekara uku. Na raɗa mata suna Zakanya. Mutanen gari suna ce mata Akurki, don kajin matata Lami a cikinta suke ƙwai.

Ban saye ta don haya ba. Ni manomi ne, kamar ubana. Wani tattabaru yake kiwo, wani dara ce ta cinye masa hankali, ni kuwa da na dawo daga gona sai in shimfiɗa buhu in shige ƙarƙashinta. In kwance wannan, in wanke da kananzir, in mayar. Gobe in kwance wancan. Na ƙara wa akorinta tsawo da katako, na cusa wa kujera audugar rimi, na sa mata oda biyu, wato ƙahon mota, ɗaya ta mutane ɗaya ta shanu. A shekara ta huɗu ta fara tashi. Ranar Juma'a nakan zaga gari da ita sau ɗaya in dawo, sannan in kwana shida ina gyara abin da zagayen ya ɓata.

Ana nan, cikin bazarar bana, gobara ta tashi a unguwarmu da rana tsaka. Allah ya tsare rai, amma rumbunan gida goma sha ɗaya suka tafi, da abinci da iri. Abinci dai dangi sun taimaka, daga Yasore da Darini aka yi ta aiko da dami dami. Iri ne matsala, don bara damina ba ta yi kyau ba, kowa abin da ya ajiye da ƙyar zai ishe shi gonarsa. Sai ga saƙo daga Malam Abdu, ƙanen kawuna, wanda ya daɗe da zama a wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ya ce su Allah ya ba su, sun tara mana irin gero mai saurin nuna, a zo a ɗauka.

Aka taru a ƙofar gidan Kawu Malam Isiyaku, yayan mahaifiyata, wanda ya koya wa rabin garin nan alif. Aka lissafa jakuna, aka ce zuwa da dawowa kwana goma. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas kullum da la'asar. Kowa ya san in ruwa ya sauka, gulbin Jibiya zai kawo, sai mai kwalekwale, kuma irin da ya makara ba shi da maraba da tsakuwa.

Nan na miƙe na gyara hula. Na ce, "Jama'a, ku bar jakuna su huta. Zakanya kwana biyu za ta yi, ɗaya zuwa ɗaya dawowa."

Bawa ya ce, "To kajin Lami fa, ina za su koma?"

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Tanko, in muka dogara da kai ba mu tashi jakuna ba, ka san abin da ka ɗauka?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, na ɗauki abin da ya fi wannan a Bama."

Ya ce, "To da ni za a tafi. Bawa, kai ma."

Kafin mu tashi sai da Bawa ya je Safana da jakinsa ya ɗauko garwa garwa na fetur daga kantin masu sayen gyaɗa. Duk hanya, in ji shi, jakin yana tambayarsa yaya aka yi shi ne zai ɗauko wa magajiyarsa abinci. Muka biya Batsari, malamin hakimi ya rubuta mana takardar wucewa da boko, muka kama hanyar arewa.

Tayar da Zakanya sai da ƙarfe, ana zura shi ta hancinta a murɗa. Wannan aikin Bawa ne. Karon farko ƙarfen ya juyo ya make shi a gwiwar hannu, ya zagi motar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya haɗa da wanda ya saye ta. Kawu yana gaba kusa da ni, gafaka a cinya, carbi a hannu. Na lura duk sanda na sa giya ta uku carbin ma sai ya ƙara sauri.

Hanyar Batsari zuwa Jibiya kun san ta, ba sai na faɗa ba: rairayi, kwazazzabo, sannan rairayi. Taya ta fashe sau biyu. Lagireto ya tafasa a bakin wata rijiya, matan da ke ɗiban ruwa suka yi ta zuba mata, ta sha tulu tara. Wata tsohuwar Bafilatana ta tsaya tana kallo, ta ce, "Kaɗo, wannan saniyar taka tana sha kamar goma, me take bayarwa?" Na ce tana ba da gudu. Ta dubi inda muka tsaya, ta dubi rana, ta aza ƙwaryarta ta wuce. Sai da muka yi tafiya mai nisa kafin mu cim mata.

Rana na faɗuwa muka shiga Jibiya, muka sauka gidan wani tsohon ɗalibin Kawu, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka. Kwana ɗaya ke nan ya tafi, ba mu ko ga iyaka ba. Bawa ya fara ƙirga kwanaki da yatsa a gabana, na ce masa ranar farko ba a lissafa ta.

Da safe muka gangara gulbin. Babu ko ɗigon ruwa, rairayi ne fari fat, an shimfiɗa zana a inda motoci ke bi. Muka haye lafiya.

Iyakar da ake ta faɗa, ni na ɗauka ganuwa zan gani. Rumfa ce ta kara, da gungume an gicciya a hanya, da tuta mai launi uku. Wani dogon mutum da jar hula ya fito, jandarma suke ce musu. Hausa yake yi, amma irin ta can. Ya karɓi takardarmu ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ce, "Wagga takarda ta Ingilishi ce, ba ni karanta ta." Su can Ingilishi suke kiran ƙasarmu, kamar yadda muke ce wa tasu Faransa. Na fara yi masa Turancin soja, ya dube ni kamar ina kiran kaji. Sai Kawu ya buɗe gafaka, ya fito da tawada, ya rubuta bayaninmu da ajami a bayan takardar. Mutumin ya karanta tsaf. Da ya kai kan sunan Malam Abdu sai ya cire hula ya durƙusa, ashe a gabansa ya yi karatun allo. Ya ɗage gungume da hannunsa, ya ba Kawu goro.

Za mu wuce ya leƙo ta tagata ya ce, "Direba, tsaya in gaya maka yadda aka bin hanya a nan."

Na ce, "Samari, wanda ya tuƙa a Bama ba a koya masa hanya." Na taka mai.

Hanyarsu jar tsakuwa ce, miƙaƙƙiya, Zakanya ta samu abin da take so, har tana waƙa. Ina riƙe da hannuna, gefen hagu na hanya, yadda kowane direban kirki yake yi a ƙasarmu. Can sai ga wata babbar mota ta taso, ita ma a hannuna. Na yi oda ta mutane, ba ta kauce ba. Na yi ta shanu, ba ta kauce ba. Kawu ya fara kalmar shahada da ƙarfi, Bawa a baya yana kiran sunan uwarsa. Na tattake birki da ƙafa biyu. Muka tsaya hanci da hanci, ko allura ba za ta wuce tsakani ba.

Wani gajere kakkaura ya diro yana huci. "Kai, ɗan Ingilishi! Mutuwa kaka nema? Mi kake yi bisa hannuna?"

Na ce, "Kai ne a hannuna!"

Ya ce, "Nan dama aka bi! Dama! Ba a gaya maka ba a iyaka?"

Kawu ya share zufa da gefen rawani ya ce, "Tanko, ko tuwo da dama ake ci. A wannan kam Faransa sun fi ku gaskiya."

Mutumin ya fashe da dariya, faɗa ya ƙare. Sunansa Mahaman, shi ma tsohon soja ne, nasu na can, motarsa ma gwanjon soja ce. Kafin ka ce kwabo ya ɗaga murfin injina, ni na ɗaga nasa, muna zagaya motocin juna kamar dillalan dawaki. Ya ƙwanƙwasa nan, ya shinshina can, ya ce, "Tsohuwa ce, amma wanda ya riƙe ta yana son ta." Wallahi ko da aka ba ni igiyar kofur ban ji daɗin da na ji ba. Ya kwatanta mini gidansa a Maraɗi, muka rabu, na koma dama. Duk sauran hanyar ji nake kamar na sa wando a baibai.

Da azahar muka isa ƙauyen Malam Abdu. Shi da Kawu sun fi shekara goma ba su ga juna ba, gaisuwarsu kaɗai ta kai mu la'asar. Aka sauke mu a zaure, aka shimfiɗa sababbin tabarmi. Su mutanen can fura ce ruwansu, mai ruwa-ruwa, safe fura, rana fura, in ka yi atishawa a miƙo maka ludayi. Wani maƙwabci Buzu ya dafa mana shayi a 'yar buta kamar ta wasan yara, ya zuba a kofin da bai fi babban yatsana ba, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya, ashe sau uku ake sha. Aka kawo cuku, Bawa ya ciza ya ce a duba masa haƙorinsa. Amma abin da ya fi ba mu mamaki burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya. Bawa ya ce zai kai wa matarsa ɗaya ta riƙa korar awaki.

Washegari da hantsi aka fito da iri. Gida gida aka tara shi, an sussuke an sheƙe, fari tas, an ɗure a buhuna. Wata tsohuwa ta kawo nata a 'yar ƙwarya ta ce a kai wa wadda ta fi kowa asara. Muka loda, muka rufe da tampol, muka ɗaure. Aka shirya sai asuba. Kwana uku ke nan, da na dawowa huɗu. Ko Bawa ya yarda mun ci jakuna.

Da na tsaya nan, da labarin nan ya yi daɗin faɗa.

Tunda akwai sauran rana, na ari keken wani ɗalibin Malam Abdu na shiga Maraɗi gai da Mahaman. Gari ne kamar namu, sai dai komai nasu kilo ne da lita, ba su san mil da galan ba. Turawansu in rana ta take sai su rufe ofis su kwanta kamar masu jego. Da idona na ga biyu daga cikinsu, maza, masu gashin baki, sun haɗu sun sumbaci juna a kumatu, dama da hagu. Da na ba Kawu labari ya ce in daina ƙarya. Wannan karon kuwa gaskiya na faɗa.

Gidan Mahaman aljanna ce. Gawar mota uku a bayan gida, ƙarafa tsibi tsibi, matarsa tana shanya kuɓewa a kan murfin inji. A cikin tsibin na hango kafireta. Ga wanda bai sani ba, ita ce ke gauraya fetur da iska ta shayar da inji, kamar mai dama fura. Wannan ta ninka tawa girma, tana ƙyalli. Na ɗauka na ajiye, na sake ɗauka.

Mahaman ya ce, "Ta shiga ranka, ɗan'uwa."

Na cire takalmana na soja, waɗanda suka je Bama suka dawo, na ajiye a gabansa. Ya gwada, suka yi masa daidai. Ya ce, "Ɗauki. Amma kak ka ɗaura ta sai ka kai gida, ka zamna da ita wata guda. Ni za ni Tasawa da kaya, sai jibi."

Na ce, "Haba, ni yaro ne?"

Na dawo ƙauye da ƙafa ba takalmi, Kawu ya tafi gaishe-gaishen dangi, Bawa yana barci gindin bedi. Ga Zakanya a tsaye, ga kafireta a hannuna, ga rana da sauranta. Duk mai irin ciwona ya san abin da ya biyo baya. Na ce bari dai in gwada in ga ko ta zauna, ba ɗaurawa zan yi ba. Na ce kuma ai da kaya za mu hau tudu, ƙarin ƙarfi taimakon jama'a ne. Na kwance tsohuwar. Na aza sabuwar. Kusoshi biyu ne ke riƙe ta, ramukan sabuwar kuwa sun ɗan fi nisa da juna, da abin da bai wuce kaurin ƙwayar gero ba. Ma'aunin Faransa daban, na Ingila daban, kusan daidai amma ba daidai ba. Na sa magagari na ɗan goge. Na danna. Na ɗaura noti, ya ƙi. Na zura bututu a ƙotar sifana don ƙarin ƙarfi, na ja.

Ƙas!

Kusa ɗaya ta karye, rabinta ya maƙale a cikin inji. Sabuwa ba ta zauna ba, tsohuwa ba ta da wurin komawa.

Bawa ya farka ya zo ya leƙa. Ya dubi kafireta biyu a ƙasa, ya dubi guntun kusa a tafin hannuna, ya dubi ƙafata. Na jira ya fara. Sai kawai ya koma gindin bedi ya zauna. Tun muna yara ba a taɓa yin ranar da Bawa ya samu dama irin wannan ya ƙyale ni ba. Wannan shirun ya fi mini bulala.

Kawu ya dawo na gaya masa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Da ba ta da lafiya ne?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Allah shi gafarta Malam. So nake in ƙara mata."

Ya ce, "Hansai tana can ta gyara gonarta ita kaɗai, tana zaune tana duban hanya." Gwaggo Hansai gwauruwa ce a unguwarmu, rumbunta biyu duka suka ƙone. Ya tashi ya shiga alwala.

Kwana biyu na yi a kan kusar nan. Na ƙwaƙule da kibiya, na buga da kurfi, na ɗaure da waya, na roƙe ta da Hausa da Turanci. Aka nemi jakuna a ƙauyen, aka tarar kowa yana kai taki gona, kuma ko an samu, kwana biyar ne. Kullum la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙanshin ƙasa, mutanen ƙauye suna murna suna gyara sungumi. Na yi ta tunanin yadda zan shiga Wagini in dubi gida goma sha ɗaya. Na fara shawarar in nemi gona a Faransa in zauna.

Rana ta shida da sassafe sai ga Mahaman, Malam Abdu ya aika an tare shi a hanya. Ya zo da wani maƙeri da zugazugansa. Ya leƙa inji, ya dubi takalman da ke ƙafarsa, ya ce, "Wata guda na ce, ɗan'uwa. Ko a Ingilishi wata bai kai wuni ba?"

Maƙerin bai taɓa shiga mota ba a rayuwarsa. Ya gasa ƙarfe ya ɗora a kan guntun kusar har ta yi zafi, ya sara mata baki da ƙaramin kurfi, ya yi ta bugu a hankali, yana juyawa, kamar mai cire ƙaya. Ta fito. Ya ƙera wata daga haƙorin tsohuwar manjagara, Mahaman ya zauna da magagari yana fitar mata da zare har ta shiga. Suka yanka fatar tsohon taiki suka shimfiɗa, suka mayar da tsohuwar kafiretata. Ni aikina riƙe musu ƙwaryar ruwa. Bawa ya murɗa ƙarfe, Zakanya ta yi tari biyu ta kama. Na rungume Mahaman, saura kaɗan in yi masa irin ta Turawansu.

Za mu tashi sai na ga Kawu ya sa an ciro akwatin sifanuna daga bayan kujera. Ya sa aka ajiye shi a mazauninsa, ya shimfiɗa buzu a kai, ya hau ya zauna. Rawaninsa yana taɓa rufin mota.

Na ce, "Kawu, ai akwai kujera mai laushi."

Ya ce, "Nan ya fi mini. Tafi."

Muka kama hanya, a dama. Jandarman iyaka ya ɗage gungume tun daga nesa, ya nuna mana sama da hannu, ya ce mu yi sauri. Na koma hagu. Injin yana wani ɗan ƙara da ban so ba, na ce, "Kawu, akwai abin da ke kaɗawa, minti biyu kawai."

Ya ce, "Tana tafiya?"

Na ce, "Tana tafiya."

Ya ce, "To tafi."

Muka iso bakin gulbi bayan azahar. Rairayin da muka bari fari yanzu ruwa ne ja, da kumfa da karmami, ya kai idon sawu. An yi ruwa a can sama. Wani mai shanu da ya hayo ya ce, "In za ku wuce ku wuce yanzu, babbansa na tafe." Na yi bisimilla na shiga. Muka kai tsakiya, tayoyin baya suka nutse.

Bawa ya diro yana kururuwa, mutanen Jibiya suka sheƙo, Allah ya saka musu. Suka yi layi suna ɗauke buhuna a ka suna kaiwa tudu. Bawa shi kaɗai ya ɗauki bakwai, ya ce in rubuta goma. Ruwa ya kai ƙwauri, ya kai gwiwa. Zakanya ta fara shaƙewa, tana yi kamar za ta mutu. Na ce, "Kawu, don Allah ɗaga, sifana ɗaya tak!"

Ruwa yana lasar matakala, tsohon nan ko gezau. Ya ce, "Ta mutu?"

Na ce, "Saura kaɗan!"

Ya ce, "Ba ta mutu ba ke nan. Taka."

Aka cusa zana ƙarƙashin tayoyi, ƙarti wajen ashirin suka sa kafaɗa, aka yi salati, na taka. Ta yi gurnani, ta yi tsalle, ta watsa wa Bawa laka har cikin kunne, ta haye. Muna mayar da buhuna muka ji ƙugi daga sama. Kafin mu ɗaure tampol, inda muka tsaya ɗazu raƙumi ma sai ya yi iyo.

Muka kwana Jibiya, da safe muka miƙa. Hadari yana bin mu a baya kamar kare. Muna wuce Batsari aka fara yayyafi, muna shiga Wagini aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na danna oda duka biyu. Mata suka fito suna guɗa cikin ruwa, maza suka kwashe buhuna zuwa zauren Kawu, aka kwance, ko ɗaya bai jiƙe ba. Nan take aka fara rabo da ƙwarya. Gwaggo Hansai aka fara ba, har da 'yar ƙwaryar tsohuwar can. Ta zuba hannu cikin geron ta yi ta juyawa.

Gari na wayewa duk unguwa tana gona. Sungumi yana sara, mata suna bi suna jefa iri suna takewa, ƙasa ta jiƙu har ƙasa. Na tsaya bakin gonata na yi hamdala irin wadda ban taɓa yi ba ko ranar da jirgi ya sauke mu a Ikko daga yaƙi.

Da la'asar aka taru ƙofar gidan Kawu, kowa da laka a ƙafa, ana raba goro. Raina ya dawo, bakina ma ya dawo. Na ba su labarin gulbi, na ce da an ɗaura babbar kafiretar nan yadda ya kamata, da Zakanya tashi za ta yi ta tsallake shi. Sannan na matsa kusa da Kawu na russuna na ce, "Allah shi gafarta Malam, akwatin nawa fa? Akwai 'yan cututtuka da na ji a jikinta a hanya, ina so in duba."

Ya ce akwatin yana ɗakin karatunsa, sai an yi girbi. Ya ɓare goro ya ba na kusa da shi rabi, sannan ya dube ni.

"Tanko, kwana bakwai ina cikin motar nan, na saurare ta da kyau. Ba ta da wata cuta sai kai."